Yaron da Halinsa Ya Juya Bayan Ciwon Maƙogwaro

Ya kai mai gida, wannan 'yar takarda taka ce, kai da uwargida. In ka gama karantawa, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai yi boko ba.

Ka san ciwon maƙogwaro, ba gidan da bai shiga ba. Yawancinsa na mura ne, yakan zo da tari da majina, kwana kaɗan ya wuce, ba ya barin kome. Amma akwai wani iri dabam wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Sunanta sitireptokokas, a taƙaice sitirep. Ta fi kama yara daga shekara 5 zuwa 15, tana bin tari da atishawa da yawu, saboda haka ta fi yaɗuwa inda yara da yawa su ke kwana ɗaki ɗaya ko su ke sha da moɗa ɗaya.

Ga yadda za ka yi zatonta. Ciwon ya zo farat ɗaya da zazzaɓi, yaro ya kasa haɗiya, kaluluwa ta fito a wuyansa tana zafi. In ka haska bakinsa ka ga maƙogwaro ya yi ja, wani lokaci da ɗigo-ɗigon farin mugunya. Galibi ba tari, ba majina. To, wannan ba na zama a gida ba ne.

Abin da kan biyo baya

A ce ɗanka mai shekara 8 ya yi wannan ciwo, ya warke, har kun manta. Sai ran nan ya wayi gari kamar an musanya maka shi. Ya wanke hannu, ya koma ya sake, ya sake, har fata ta tsage. In ya fara alwala ba ya gamawa. Ya ce akwai ƙazanta a tuwo, ya ƙi ci. Yaron da ke zuwa kiwo shi kaɗai, yau ya riƙe zanen uwarsa, ba ya yarda ta je ko rijiya. Ya dinga ƙifta ido, ko fizgar wuya, ko gyaran murya ba dalili. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Malaminsa ya ce rubutunsa ya lalace.

Abin lura shi ne saurin zuwan. Waswasi na yau da kullum a hankali ya ke shigar mutum, wata da watanni. Wannan kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu ya ke cika, har uwa takan iya faɗin ranar da ya soma. A shekarar 1998 wata likita a Amurka, Susan Swedo, ita da abokan aikinta, suka bayyana labarin yara 50 masu irin wannan hali, suka sa masa suna PANDAS. Ya fi samun yara daga shekara 3 zuwa balaga, maza sun fi mata.

Yana da ɗan'uwa wanda aka daɗe da sani, wanda wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, ya kwatanta tun 1686, har ciwon ya ci sunansa. Shi wannan ya fi kama 'yan mata, kuma yakan yi jinkiri, wata ɗaya har wata shida bayan ciwon maƙogwaron. Hannu da ƙafa da fuska su dinga motsi ba da nufin yarinya ba. Ta ɗauki ƙwarya ta zubar, ta yi tuntuɓe a fili, magana ta sarƙe mata. In ka ce ta damƙe yatsunka, sai ka ji tana matsawa tana saki kamar mai tatsar saniya. In ta yi barci motsin ya tsaya. Sau da yawa ita ma takan yi waswasi da saurin kuka.

Me ya kawo haka? Jikin mutum yana da dakarunsa a cikin jini masu yaƙar ƙwayoyin cuta. Ita sitirep tana da kama da waɗansu sassan jikinmu. Sai dakarun su ruɗe, bayan sun gama da abokin gaba su juya kan na gida. In suka taɓa gaɓoɓi, gwiwa da idon sawu su kumbura. In suka taɓa zuciya, ƙofofinta su lalace. In kuwa suka taɓa wani wuri can tsakiyar ƙwaƙwalwa mai tsara motsi da ɗabi'a, sai ka ga abin da muka faɗa. A kan ciwon Sydenham likitoci sun haɗu a kan wannan bayani. A kan PANDAS kuwa akwai masu ja, ana nan ana bincike.

Ka ga ashe ba iskoki ba ne, ba sammu ba, ba kuma rashin kunya ba. Yaron da kansa ya san abin da ya ke yi ba daidai ba ne, yana jin kunya, amma ya kasa bari. Duka da tsawa ƙara fizgar su ke yi. Kada a ɗaure shi, kada a turara shi da hayaƙi a ɗaki rufe. Kada kuma a kai shi ga wanzami a cire masa beli. Ba a belin cutar ta ke ba, ga zubar jini, ga aska mai iya sa masa wata cutar.

Magani

Kai shi asibiti da wuri, uwarsa ta bi ku, gama ita ta fi sanin yadda abin ya faro. Ku gaya wa likita ranar da halin ya juya, da ko ya yi ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje masu ruwa a fata, ko ciwon gaɓoɓi, da ko wani a gidan ya yi. Likita zai duba maƙogwaro, wataƙila ya shafo shi da auduga a gwada, ko ya ɗebi jini. Lalle ne ya saurari zuciya.

In an sami sitirep, maganinta fenisilin ne ko amoksisilin na sha har kwana 10, ko allurar fenisilin mai daɗewa guda ɗaya. A nan ne iyaye da yawa su ke kuskure. Kwana uku yaro ya ji sauƙi, sai a ajiye sauran maganin wai don ƙanensa. Ƙwayar ba ta mutu duka ba tukuna. A shanye shi sarai. In fenisilin ya taɓa sa wa yaron ƙaiƙayi ko kumburin fuska, ku faɗa kafin a ba shi, akwai wani a madadinsa. Kada ka sayi maganin 'yan talla a kasuwa ka yi ta ɗura masa.

Waɗansu yara da an kashe ƙwayar sai hankalinsu ya kwanta cikin makonni. Waɗansu kuwa waswasin yakan daɗe, sai an bi shi da nasa magani. Babban maganinsa koyarwa ce, wadda ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa suka ƙware a kai. Ana sa yaro ya tunkari abin da ya ke tsoro kaɗan-kaɗan, ya taɓa ƙofa, ya jira bai wanke hannu ba, yau minti ɗaya, gobe biyu, har tsoron ya gaji ya sake shi. Ku a gida ku taimaka. Kada ku yi ta ɗebo masa ruwa duk sa'ad da ya nema, kada kuma ku hana shi da ƙarfi. Ku bi matakin da aka tsara, ku yaba masa in ya daure. In abin ya yi tsanani likita yakan ƙara da ƙwayar waswasi, a fara da kaɗan, sa'an nan a jira makonni kafin a ga aikinta. Wani lokaci yakan ba da maganin kumburi irin su ibuprofen na ɗan lokaci. Akwai manyan magunguna da a ke sawa ta jijiya, amma sai a babban asibiti, ga yaron da ya galabaita ƙwarai, kuma likitoci ba su haɗu a kan amfaninsu ga PANDAS ba. Fizgar ido da ta wuya, in ba ta hana shi kome ba, a kau da kai daga gare ta.

Mai ciwon Sydenham kuwa, motsin yakan tafi da kansa cikin watanni, amma zuciya ce abin tsoro. Za a sa mata allurar fenisilin kowane mako 3 ko 4, aƙalla shekara 5, sau da yawa har ta kai shekara 21, in zuciya ta taɓu fiye da haka. Ko damina ce, ko girbi, kada a tsallake ranar allura. Ka adana katin asibiti inda gara ba za ta ci ba.

Ka je makaranta ka gaya wa malami cewa ciwo ne, domin kada a buge shi a kan rubutu, kada yara su mai da shi abin dariya. Halin yakan dawo in ya sake kamuwa, saboda haka duk ran da shi ko wani a gidan ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a je a duba.

In yaro ya ƙi ci da sha yini guda, ko ya ce zai ji wa kansa ciwo, ko numfashi ya yi masa wuya, kada a jira gari ya waye. Haka kuma in ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sandare, ko ya fita hayyacinsa da zazzaɓi mai zafi. Wannan yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. A nemi abin hawa a kai shi nan da nan.