Yadda Ake Ɗaura Dalma Don Kamun Giwan Ruwa A Zurfi

Giwan ruwa kifi ne mai son zurfi. Ƙananan sukan yi kiwo a bakin gaɓa cikin ciyawa, amma manyan, waɗanda guda ɗaya kan biya wahalar mako, suna fakewa ne kusa da duwatsu, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da tsohuwar hanyar kogi. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an datse kogin Kwara a 1968, akwai wuraren da zurfinsu ya wuce mita 50. Mai fatsa da ya saba da rafi, in ya shiga irin wannan ruwa, sai ya wuni kotonsa yana yawo a sama, kifi kuwa yana can ƙasa. Abin da zai kai koto wurin kifi shi ne nauyi.

Dalma aka fi amfani da ita, domin 'yar kaɗan ce ke da nauyi mai yawa. Ta fi ruwa nauyi sau 11, baƙin ƙarfe kusan sau 8, dutse kuwa bai kai sau 3 ba. Dalma mai girman ƙwayar gurjiya takan kai giram 10, mai girman dabino kuwa wajen giram 80. A ruwa kwantacce mai zurfin gaba 4 ko 5, giram 20 zuwa 30 ya isa. In akwai iska ko ruwa yana gudu, sai a ƙara har a ga zare ya miƙe ƙasa maimakon ya karkace. Da zarar ya miƙe a dakata. Nauyin da ya wuce kima yana gajiyar da koto mai rai, yana kuma hana hannu jin taɓawar kifi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙulle dalma kam a gindin ƙugiya. Kifi yana ɗauka zai ji nauyi, ya tofar. Ɗaurin da ya fi shi ne a bar dalma tana zamewa. A samu mai huda a tsakiya, a zura zaren fatsa ta ciki. A bi ta da ɗan dutsen ado guda ɗaya, irin na abin wuya, don kada ta riƙa dukan ƙulli ta cinye shi. Sai a ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa. In babu shi, ƙaramin zoben waya ya wadatar. Daga zoben a ɗaura wani zare mai tsawon kamu 2, watau kimanin mita 1, ƙugiya tana ƙarshensa. Wannan guntun zare ya fi na sama kauri, saboda bakin giwan ruwa yana da kaushi, murfin kunnensa kuma yana yanka kamar wuƙa. Da haka, in kifi ya ja, zare ne zai bi ta cikin dalma, shi kuwa ba zai ji komai ba sai ƙugiya ta kama. Masu kamun wani kifi da ake kira bas a Amurka sun daɗe da wannan dabara, suna kiranta ɗaurin Karolina.

Koton da ya fi shi ne ƙaramar karfasa ko kawara mai rai, a soke ta a baya ba tare da an taɓa ƙashin tsakiya ba. Akwai kuma kifin roba na kanti, ko tsohon cokali da aka yanke masa mariƙi aka huda gefe biyu. Waɗannan ba su da rai, sai an ba su motsi: a ɗaga hannu a hankali, a sake, a ɗan jira. Sau da yawa lokacin da koto yake komawa ƙasa ne kifi yake kai masa bara.

To, amma kai koto can ƙurya ba shi ne gwaninta ba. Da bazara rana takan dafa ruwan sama, na ƙasa ya zauna da sanyi, su daina gauraya. Ganyaye da itatuwan da ke ruɓewa a ƙasa sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa. A lokacin nan kifi yakan baro ƙurya ya tsaya a tsakiya. Saboda haka masunci ya yi wa zarensa alama da ɗan tsumma a kowace gaba. Ya saki dalma har ta taɓa ƙasa, ya ƙirga alamun, sannan ya ɗago gaba 1. In koto mai rai ya dawo a mace cikin ɗan lokaci ba tare da rauni ba, ko dalma ta fito da laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, to babu iska a wurin. Ya ɗago gaba 2, ya sake gwadawa. Inda ya sami kifi na farko, ya riƙe lissafin alamar, don sauran ba su da nisa da wannan zurfi.

Inda itatuwa suka yi yawa a ƙasa, asarar dalma ba ta ƙarewa. A nan gara a rataya tsohon noti ko filogin babur a jikin zoben da siririn zare. In ya maƙale, siririn ne zai tsinke, ƙugiya da kifi su tsira. Kada kuma a naɗe zare a hannu ko a ƙafa. Babban giwan ruwa yana iya fin mutum nauyi, jansa ɗaya zai yanke yatsa ko ya kifar da kwale-kwale.

Ita dalmar kanta guba ce. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara. Kada a matse dalma da haƙori, kada a fasa tsohon batirin mota don a ciro ta. Mai narka ta ya yi a fili, nesa da yara da mata masu ciki, cikin gwangwanin da ba za a ƙara sa abinci a ciki ba, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya ci tuwo.