Darasin Lafiya: Ciwon Jiki Mai Daɗewa da Magungunan da Ba a Tabbatar Ba

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon jiki ne mai daɗewa, wato ciwon baya, ciwon ƙugu, ciwon gwiwa da abin da muke kira sanyin ƙashi. Muna roƙon shugabannin zumuntar mata da dattawan ikilisiya su karanta shi a taro da babbar murya, a riƙa tsayawa ana tattaunawa, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su samu rabonsu.

A ƙasar Minjibir gona tana manne da gona, ba a barin ta ta huta, don haka mai ita ma ba ya hutawa. Da rani a kai taki da jaki ko amalanke, da damina a yi shuka, a yi noman farko, a yi maimai, da kaka ga cirar gyaɗa da roron wake. Masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Wasai kuwa daga nan sai noman rani. Kusan duk aikin nan a sunkuye ake yin sa. Iyayenmu mata ga surfe, ga daka, ga ɗibar ruwa, ga goyo a baya. Ba abin mamaki ba ne idan mutum ya haura shekara arba'in ƙugu ya fara yi masa magana.

Ma'aikatan lafiya suna kiran ciwo mai daɗewa ne idan ya wuce wata 3, ko yana tafiya yana dawowa. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya a duniya.

Me ya sa kowane magani yake da mai shaida?

Ku lura da wannan, domin shi ne tushen darasin. Ciwo mai daɗewa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau ya taso, bayan sati biyu ya lafa da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Yaushe ne muke neman magani? Ranar da ya fi tsanani. Sai mu sayi gorar jiƙo wurin mai mota da lasifika ranar kasuwa, mu sha, bayan kwanaki ciwon ya sauka kamar yadda ya saba, mu ce jiƙon ne ya yi aiki. Wanda ya sha nasa a ƙarshen maimai, lokacin da aka ajiye fartanya, dole ya ji sauƙi. Hutu ne ya yi aikin, mai gora ya karɓi yabo da kuɗi.

Akwai kuma sa rai. Masana sun tabbatar cewa idan mutum ya gaskata abin da aka ba shi zai taimake shi, yakan ji zafin ya ragu na ɗan lokaci ko da babu komai a cikin abin. Mai shaidar ba ƙarya yake yi ba, abin da ya ji yake faɗa. Amma waɗanda suka sha ba su ga canji ba, ba a miƙa musu lasifika.

Abin da ya fi damun mu shi ne maganin da yake aiki nan take. A ƙasashe da dama hukumomi sun sha gwada magungunan da ake tallarsu da sunan zallar itatuwa, sai a tarar an daka ƙwayoyin asibiti an zuba a ciki, irin su diclofenac da dexamethasone. Wannan na biyun yana cikin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Yana kwantar da ciwon gaɓɓai da sauri, ya buɗe cin abinci, fuska ta cika ta yi zagaye har maƙwabta su ce wane ya murmure. A ciki kuwa yana ɗaga hawan jini, yana tayar da ciwon suga, yana rage ƙarfin ƙashi da ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Wanda ya yi makonni yana shan irin wannan kada ya daina rana ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ma'aikacin lafiya ne zai riƙa rage masa a hankali.

Haɗin kemis shi ma yana cikin lissafi. Manomi ya dawo a gajiye, ya aiki yaro a haɗo masa na gajiya, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba kwali. Sau da yawa biyu ko uku daga cikinsu dangi ɗaya ne: ibuprofen, diclofenac, piroxicam. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Suna cin bangon ciki su kawo gyambon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya yini a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba. Idan bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko an yi aman jini, ko ƙafafu da fuska sun kumbura fitsari ya ragu, a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya san cewa kuɗin da ake kashewa a can ya fi ƙarfin rumbun talaka. Mai juna biyu kuwa kada ta kusanci haɗi ko kaɗan.

Game da tiramol maganarmu gajeriya ce. Yana sa mutum ya yi aiki bai ji gajiya ba, daga baya ya kasa fita gona sai da shi, wani har farfaɗiya yake kawo masa. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan tiramol da danginsa ba da umarnin likita ba. Iyaye su sa ido a kan samarin da suke zuwa ƙwadago.

Sai ƙaho da tsaga da sakiya. Wanzami mutum ne mai daraja a garuruwanmu, ba mu raina sana'arsa. Amma baƙin jinin da ake nuna mana a ƙaho ba mataccen jini ba ne, jini ne da ya daskare bayan ya fito. Aska ɗaya idan ta zaga mutane da yawa tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan ta kai wa wancan, kuma miki mai datti ƙofa ce ga ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi. Mai ciwon suga da mai amosanin jini, wato sikila, su guji duk abin da zai yanka ko ya ƙona fatarsu, domin mikinsu ba ya saurin warkewa.

Ba gaba muke yi da itatuwa ba

Kada wani ya tashi daga taro ya ce mun ce kakanninmu ba su san komai ba. Asfirin asalinsa daga sinadarin da ke cikin ɓawon wata bishiya ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti ya samo asali daga wani ganye dangin tazargade, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015 saboda wannan aiki. A nan gida ma muna da misali. Rabaran Paul Ogunyale na jihar Oyo yana da wani haɗi na gado da yake ba masu sikila. A shekarun 1990 ya miƙa shi ga cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD. Cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da ganyen wata irin dawa. Aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya ana kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, aka ga yana rage tashin ciwon. An sa masa suna Niprisan, aka fitar da shi kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Bambancinsa da na mai lasifika ke nan: an san abin da ke ciki, an san awo, an yarda a gwada shi a idon wasu.

Wasu za su ce ai gorar tana da lambar NAFDAC. Ku duba da kyau. Lambar da take ƙarewa da harafin L tana nufin an duba an ga alamar ba zai cutar ba, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta. Kuma maganin da aka ce shi kaɗai yana maganin basir, da sanyi, da taifot, da ciwon baya, da rashin haihuwa, mu dai a ganinmu aljihu yake nema.

Dole mu taɓo namu gidan. Akwai masu sayar da mai ko ruwa a kwalba da sunan addu'a, har su ce wanda ya koma asibiti ba shi da bangaskiya. Muna yi wa marasa lafiyarmu addu'a, za mu kuma ci gaba, amma addu'a ba ta da farashi, kuma ba ta hana gwajin jini. Matar nan ta Markus sura 5 da ta yi shekara 12 tana fama ta ƙarar da duk abin da take da shi wajen neman magani. Muna da irinta a cikinmu, waɗanda akuya ta tafi, buhun gero ya tafi, ƙugu yana nan yadda yake.

Babbar asara ma ba ta kuɗi ba ce, ta lokaci ce. Ba kowane ciwon baya ne na fartanya ba. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya ba tare da tari ba, ya riƙa cin sa a hankali har doro ya fito ko ƙafafu su mutu, alhali maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon baya da ya zo da rama, da zazzaɓi ko zufan dare, ko wanda ba ya lafawa ko an kwanta, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suna kuɓucewa, wannan ba na jiƙo ba ne. A fara daga asibitin Minjibir. Idan abin na ƙashi ne ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a cikin Kano. Haka yaron da ake cewa yana da sanyin ƙashi duk hunturu, a gwada jininsa a ga ko sikila ce.

Idan an duba ba a ga wata cuta ba fa? Nan sai haƙuri da dabara, domin yawancin irin wannan ciwon lallaɓa shi ake yi. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 ta goyi bayan motsa jiki, da tausa, da fahimtar da mai ciwo halin ciwonsa. Ba ta goyi bayan ɗaure ƙugu da bel ko shan ƙwayoyi dangin tiramol ba. Kwanciya ta kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da baya. A riƙa miƙewa tsakanin kunya da kunya, a raba buhu biyu kafin a ɗauka, a durƙusa da gwiwa a ɗaga kaya maimakon a sunkuya. Gashi da ruwan ɗumi da tausa da man kaɗanya ba su da laifi. Farasitamol ga babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, mai ciwon hanta ko mai shan giya kuwa sai ya tambaya tukuna.

A taro na gaba kowa ya zo da duk abin da ake sha don ciwon jiki a gidansa, gora ce, ƙulli ne, ko kwali. Ba don a kunyata kowa ba. A gayyato ma'aikacin lafiya na kusa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda dangi ɗaya ne, ya kuma rubuta sunayen waɗanda ya kamata a auna musu hawan jini da suga kafin ruwa ya sauka.