Tsokaci a Kan Cin Fara: Daga Kaskon Suya Zuwa Gidan Burodi

Gabatarwa

Ranar da na fara zuwa Sabo neman fara, mai sayarwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata, "Mama, a ba ni fara," amma da irin muryar da na furta kalmar, sai ya zama kamar farar mace nake nema. Ta gyara mini, ta ce, "Ɗana, sake faɗi." Sai da na maimaita sau uku sannan ta auna mini. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wannan ƙwaro: sunansa, yadda ake sarrafa shi, amfaninsa, da abin da ya kamata mai ci ya kiyaye.

Kalmar da 'Yan'uwanta

A rubutun yau da kullum kalmomi uku ne ke da kama ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne suka raba su. Fara ta ƙwaro tana farawa da karin ƙasa ta ƙare da na sama. Fara ta soma aiki tana farawa da karin sama ta ƙare da na ƙasa. Fara ta launi kuwa duk karin sama ne, kuma wasalinta na farko gajere ne. Jam'in ta ƙwaro shi ne fari, shi ya sa ake cewa farin ɗango idan ana nufin masu zuwa rundu-rundu su cinye amfanin gona. Akwai kuma babe, wato wata babbar fara, da gyare mai kukan dare, da shinge, wato gara mai fiffike da ke fitowa daga suri bayan ruwan farkon damina. Mu a ƙasar Yarbawa esunsun muke kiran shinge, Ibo kuma su ce aku. Ashe ba Bahaushe kaɗai ke cin ƙwari ba.

Yadda Ake Sarrafa Ta

An fi kama fara bayan kaka, lokacin ɗari, da dare ko da asuba, sa'ad da sanyi ya kashe mata jiki ba ta iya tashi. Akan zuba ta cikin tafasasshen ruwa mai gishiri, a tsame, a shanya a rana har ta bushe ƙarau. Idan ta bushe sai a zuba a buhu, ta daɗe ba ta lalace ba. Da haka take isa kasuwannin Maiduguri da Kano da Maraɗi da Yamai. Mai suya za ta cire fiffike da ƙafafu, ta soya da mai, ta barbaɗa yaji da gishiri. Wasu sukan matsa lemon tsami. Mata da yawa da wannan sana'a suke ciyar da gida.

Amfaninta

Masana abinci sun tabbatar fiye da rabin nauyin busasshiyar fara sinadarin gina jiki ne, ga kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. A shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto, inda ta ce kimanin mutum biliyan 2 ne ke cin ƙwari a duniya, kuma nau'o'in da ake ci sun haura 1,900. Hukumar ta nuna cewa abinci kilo 2 ya isa a samu kilo 1 na ƙwari, alhali saniya sai ta ci kilo 8. Ƙwari ba sa bukatar makiyaya mai faɗi ko ruwa mai yawa. Ta fuskar addini ma ba a hana ba: Musulunci ya halatta fara, Littafi Mai Tsarki kuma ya ambaci Yahaya Mai Baftisma da cin fara da zuma.

Shigarta Gidan Burodi

Turawa da yawa suna ƙyamar ganin ƙwaro a faranti, saboda haka sai suka koma niƙa shi. A 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wani nau'in farin ɗango a matsayin abinci, a 2022 kuma ta amince da gyare. Ana zuba garinsu cikin burodi da biskit da taliya. Sai dai garin ƙwari ba shi da danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya tashi. Don haka kaɗan ake zubawa, kamar kashi 1 cikin 10, in ya yi yawa burodin ya fito da nauyi, ya yi duhu. Mai son gwadawa a gida ya fara da cincin, tun da shi ba ya bukatar kumburi sosai.

Abin Kiyayewa

Babban haɗari shi ne maganin feshi. Duk inda farin ɗango suka sauka, kamar yadda aka gani a yankin Sahel a 2004, feshi ake yi musu, kuma farar da ta mutu da guba suya ba ta tsarkake ta. Kada a tsinci matacciya a gonar da aka fesa. Haka kuma wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ya yi hattara, domin fara kan iya tayar masa da irin wannan ƙaiƙayi da kumburi.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai waɗanda ke yatsine fuska idan an ambaci fara, su ce abincin ƙauye ne. Amma abin da kamfanoni ke kashe kuɗi suna bincike a kansa yau, mai suyar Sabo ta gaje shi kaka da kakanni. Idan an ba mu aikin bincike, mu je mu zauna da irin waɗannan mata, mu rubuta kalmominsu da dabarunsu. A dai gyara karin sauti kafin a isa.