Amai Bayan Suna: Ciwon Gadon da ke Ɗauke Mana Jarirai

A aikin kula da jarirai, mako na biyu da na uku bayan haihuwa su suka fi tayar mini da hankali. An yanka ragon suna, 'yan barka sun watse, mai jego na tsakiyar wanka, sai jariri ya fara ƙin nono. Ya tsotsa kaɗan ya saki, ya yi amai, jiki ya saki, maɗiga ta faɗa. Sau da yawa ko zazzaɓi babu. Kaka ta ce ciwon cikin jarirai ne, a ba shi jiƙo. Kafin a samo Keke Napep daga Jambutu ko mota daga Girei ko Fufore, yaro ya riga ya galabaita.

Ni likitar yara ce a nan Yola. Yawancin jariran da ke zuwa a wannan hali ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsu. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan waɗanda ko an yi musu allurar kashe ƙwayoyin cuta mafi ƙarfi ba za ta cece su ba, domin gishirin jikinsu ne ke zubewa ta fitsari. Ciwo ne na gado, likitoci na kiransa CAH a taƙaice. A duniya ana samunsa a wajen jariri ɗaya cikin 15,000. Yana da magani, kuma yaron da aka gano da wuri yana girma, ya yi karatu, ya yi aure.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirenal. Sinadarai uku take haɗawa. Na farko kotizol, wanda ke hana sukari da jini faɗuwa idan jiki ya shiga wahala, kamar zazzaɓi ko rauni. Na biyu aldositeron, mai hana ƙoda zubar da gishiri da ruwa. Na uku sinadarin mazantaka, wanda mace ma tana da ɗan kaɗan. Duk ukun daga tushe ɗaya suke fitowa. Masu noman rani a Gerio sun san abin da ke faruwa idan aka toshe magudana biyu cikin uku: fadamu biyu su bushe, ta ukun ruwa ya cinye ta. Haka abin yake a jikin yaron nan. Kotizol da aldositeron sun yi ƙaranci, sinadarin mazantaka ya yi yawa tun yana ciki. A fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, toshewar wuri guda ce, kuma kusan uku cikin huɗu na masu nau'in mai tsanani suna zubar da gishiri.

Idan mace ce, alamar tana fitowa tun ranar haihuwa. Gabanta yakan girma ya ɗauki kamar na namiji, wani lokaci kaɗan, wani lokaci har ungozoma ta yi guɗa ta ce an samu ɗa. Amma a ciki mace ce cikakkiya, da mahaifarta da ƙwayayenta. A nan ne kunya ke shigowa ta yi ɓarna. Sai a naɗe jaririya, a hana kowa yi mata wanka sai kaka, ana raɗe-raɗin an haifi mata-maza. Wasu su kira wanzami ya cire angurya, a zatonsu wani nama ne ya tsiro. Don Allah kada a kai aska wurin. Abin da aka yanke ba ya dawowa, ga zubar jini ga jaririyar da jikinta ba shi da kotizol ɗin da zai riƙe ta. Kuma yayin da gida ya shagala da ɓoye al'aura, gishiri na can yana zuba.

Ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ga ƙa'ida ɗaya da nake roƙon ku riƙe: duk jaririn da ya yi kama da namiji amma kun laluba ba ku ji 'ya'yan maraina ba ko ɗaya, ku tura shi babban asibiti a ranar. Hoton ciki zai nuna ko akwai mahaifa. Na san nauyin ranar bakwai, na san dangi sun taso daga Mubi da Ganye. To amma a zauna da malamin gida ko limamin coci a yi masa bayani. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan haihuwa, littattafansu na da babi a kanta. Jinkirin 'yan kwanaki kafin a tabbatar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sauya wa yaro suna da sutura yana shekara biyar.

Namiji kuwa ba ya zuwa da alamar da ido zai kama. A littafi an ce fatar marainansa takan yi duhu, amma a fatarmu wa zai lura? Shi ya sa mazan su ne muka fi rasawa. Wata mata daga wani ƙauye gaba da Song ta kawo mini jaririya saboda yanayin gabanta. Da na tambaye ta haihuwar baya, sai ta sunkuyar da kai ta ce maza biyu, kowanne ya koma bai kai wata ba, da amai. A gidan mijin ana ce mata mai wabi, an kai ta wurin masu magani, an zargi mayu, an zargi nononta. Na ce mata, “Baiwar Allah, nononki lafiyarsa lau. Abin da ya ɗauke yayyenta shi ne a jikin wannan, kuma wannan karon mun san sunansa.” Ta daɗe tana kuka kafin ta ce in maimaita a gaban mijinta da uwarsa. Na maimaita.

Dole a faɗa a gaban miji, domin ciwon daga ɓangare biyu yake zuwa. Uba na ɗauke da rabi, uwa na ɗauke da rabi, su kansu lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya haɗa biyun, kamar dai yadda muka sani a sikila idan AS ya auri AS. Sai dai gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan. Auren zumunci, wanda ya yi yawa a gidajenmu na Fulani da Hausawa, yana ƙara yiwuwar rabi ya gamu da rabi. Ba ina cewa a daina auren dangi ba ne. Ina cewa gidan da aka taɓa samun ciwon, ko aka yi ta rasa jarirai a watan farko, su faɗa wa likita tun awon ciki, a haihu a asibiti, a auna jaririn kafin ya fara amai.

Kafin 1950 kusan duk masu zubar da gishiri mutuwa suke yi. A shekarar ce Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna cewa maganin kotizon na danne ciwon. A 1977 aka samar da hanyar gano shi da ɗigon jini daga dunduniyar jariri, kuma yau duk jihohin Amurka suna yi wa kowane jariri wannan gwajin. A Najeriya babu irin wannan tsari na ƙasa baki ɗaya. Gwajin tabbatarwa, wanda ake kira 17-OHP, sau da yawa sai an aika jini Abuja ko Legas. Amma ba ma jiran sa kafin mu ceci rai. Awon sodiyam da fotasiyam da sukari ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda har yanzu mutane ke ce wa FMC, da Asibitin Ƙwararru na Jimeta. Sodiyam ya faɗi, fotasiyam ya hau, a jaririn da ke amai: mu ɗebi jini mu ajiye, mu sa ruwa, mu yi allurar haidirokotizon, madadin kotizol, nan take.

Ranar sallama daga asibiti ita ce farkon aikin, kuma a wuyan uwa yake sauka. Haidirokotizon sau uku a rana, kullum, har ƙarshen rayuwa. Fuludirokotizon, madadin aldositeron, sau ɗaya ko biyu. Ga jariri kuma ƙarin gishiri, giram ɗaya zuwa biyu a yini, a narka a rarraba tsakanin shayarwa, da ma'aunin da aka nuna a asibiti, ba da ƙiyasin yatsa ba. Nakan ce wa iyaye mata su ɗaure maganin da lokutan da ba sa mantawa, asuba da bayan azahar da isha. Ƙwayar haidirokotizon da aka fi samu mai miligiram 10 ce, ta yi wa jariri yawa, dole a raba ta gida huɗu da reza mai tsabta. Na ga matan da ba su taɓa shiga aji ba suna wannan rabon daidai, shekara da shekaru, ba fashi. Ina girmama su ƙwarai.

Awon wata uku-uku ba na ganin dama ba ne. Idan magani ya yi kaɗan, sinadarin mazantaka ya sake tasowa: yaro ɗan shekara huɗu ya fito da gashin gaba, murya ta buɗe, ya fi tsaransa tsawo, iyaye na murna, alhali ƙasusuwansa na saurin rufewa, zai ƙare gajere. Idan ya yi yawa, yaro ya kumbura, tsawo ya tsaya. Shi ya sa muke auna tsawo da nauyi da jini, muna ɗaukar hoton ƙashin hannu lokaci-lokaci, muna gyara awon maganin yayin da jiki ke girma.

Masu kemis, ku saurare ni a nan. Idan uwa ta zo neman haidirokotizon babu, kada ku miƙa mata dekzametazon ku ce duk ɗaya ne. Wannan ƙwayar da 'yan mata ke sha don ƙiba, wadda ke cikin abin da ake kira sha-ka-fashe, ta fi haidirokotizon ƙarfi fiye da sau 25, tana tsayar da girman yaro. Fuludirokotizon kuma ba shi da madadi a kan kanta, ga wuyar samu. Iyaye kan zaga Jimeta kaf su ƙare da aike Kano ko Abuja, duk da cewa magungunan biyu suna cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Iyaye su riƙa ajiye na wata guda a gefe, kada a jira ƙwayar ƙarshe. A kuma duba kwali, domin wani nau'in fuludirokotizon sanyin firji yake so, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. A watannin nan zufa ma gishiri take kwashewa. Idan yaro ya ce yana son gishiri a abinci, a ba shi, a ƙara masa ruwa.

Abin da ya fi kashe yaran da aka riga aka gano shi ne ranar rashin lafiya. Jikin mai lafiya kan ninka kotizol da kansa idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Jikin wannan yaro ba zai iya ba, sai an ninka masa daga waje. Zafin jiki ya kai digiri 38, a ninka haidirokotizon sau biyu. Ya kai 39, sau uku. Sannan a je a nemi maganin zazzaɓin kansa. Ya amayar da ƙwaya cikin rabin awa, a sake ba shi. Ya sake amayarwa, ko gudawa ta tsananta, ko ya fara lumshe ido ba ya amsawa, to lokacin allura ne a cinya: miligiram 25 ga ɗan ƙasa da shekara uku, 50 daga uku zuwa sha biyu, 100 ga wanda ya haura haka. A yi allurar tukuna, sannan a kama hanya. Mutumin da ke Mayo-Belwa ko hayin Binuwai da damina ba shi da tabbacin isowa cikin awa ɗaya, shi ya sa nake koya wa uwa da uba, har da yaya ko ƙanin uba idan yana gida, yadda za su zuƙa su soka. Allurar da aka yi ba a buƙace ta ba ba ta kisa. Wadda aka jinkirta tana yi.

Haka kuma kafin kaciya, cire haƙori, tiyata ko naƙuda, a sanar da likita a ƙara magani. Kada a haɗa shi cikin yaran unguwa a kai wa wanzami da sanyin hunturu ba shiri. Idan ya kai munzalin azumi, a zo mu zauna kafin watan Ramadan. Mai zubar da gishiri a zafin Yola yana cikin marasa lafiyar da addini ya yi wa rangwame. Idan makarantar kwana za shi, shugaban makaranta da mai kula da ɗakin shan magani su san halinsa, allurarsa na wurinsu.

Tambayar da uwaye ke ajiyewa sai sun kai bakin ƙofa ita ce, “Likita, za ta auru? Za ta haihu?” Matan da suka riƙe maganinsu suna al'ada, suna aure, da yawa suna haihuwa. Gyaran gaba aikin ƙwararrun likitocin tiyatar yara ne, kuma lokacin yin sa shawara ce da ake yankewa a natse. Maza kuma idan sun balaga mukan yi musu hoton maraina, saboda wani tsiro da sakaci da magani ke jawowa, wanda kan taɓa haihuwa. A Disambar 2024 Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna Crenessity da ke rage yawan haidirokotizon da ake buƙata, amma ƙari ne a kan tsohon, bai maye gurbinsa ba.

Kowane yaro da nake dubawa ina rubuta masa kati: sunan ciwon, magungunansa da awonsu, awon allurar gaggawa, da lambar asibiti. A sa shi a leda, ya zauna a jakar uwa, kwafi ɗaya a aljihun uba. Idan kun isa wani asibiti cikin dare, ku miƙa katin kafin a tambaye ku komai, ku ce yaron nan mai CAH ne, haidirokotizon yake buƙata yanzu, sannan a auna masa gishiri da sukari.