Yadda Za Mu Kula da Shukar Bokiti da ta Buhu a Lokacin Hunturu

Damina ta ɗauke, iska ta fara juyowa daga arewa maso gabas. Duk wanda ya zaga cikin Minawao zai ga gidaje da yawa da ɗan abin da aka shuka a bakin ƙofa: tumatir a fasasshen bokiti, barkono a rabin jarka, na'ana'a a gwangwani, zogale ko ɗan mangwaro a leda. Tunda ba kowa ke da fili ba, wannan shi ne lambunmu, kuma daga nan ake tsinko ganyen miya ranar da babu kuɗin cefane. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu irin wannan shuka takan shiga wahala, sai mu ce sanyi ne ya kashe ta. Sau da yawa ba shi ba ne.

A ƙasashen Turai, idan sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, ruwan da ke cikin ganye ma yakan daskare ya fasa shi. Dole mutanen can su kwashe shukokinsu su shigar ɗaki har wata uku ko huɗu. Sanyinmu bai kai nan ba. Tumatir da latas da albasa ma sun fi son wannan lokaci, shi ya sa masu noman rani ke shuka su yanzu. Abin da ke cutar da shukarmu shi ne busasshiyar iska da ƙura, sai kuma abin da mu da kanmu muke yi mata da niyyar taimako.

Shukar da ke gona tana iya tura saiwa ƙasa ta nemo laima. Wadda ke cikin bokiti ba ta da wurin zuwa, ɗan abin da muka zuba mata shi ke nan rabonta. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan ganye kamar yadda take tsattsage mana leɓe da diddige, saiwar kuma ba ta iya mayar da shi da sauri, sai bakin ganyen ya ƙone. Maganin farko shi ne kariya. Mu matsar da bokitan jikin bango ko zana, ta yadda bangon zai tsaya tsakaninsu da inda iska ke fitowa, amma rana tana samunsu. Mu haɗa su wuri ɗaya su matsu da juna, manya a baya ta wajen iska, ƙanana a gaba. Sannan mu rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu biyu, ba tare da ya taɓa karan shukar ba.

Shigarwa ɗaki fa? Akwai waɗanda suka cancanta: irin da bai daɗe da tsirowa ba, da ɗan gwanda ko mangwaro ko lemun tsami da bai yi ƙwari ba. Su ana iya shigar da su da magariba a daren da iska ta tsananta, a fito da su da hantsi. Amma a bar shuka cikin ɗaki kwana da kwanaki, wannan kashe ta ne a hankali. Da hasken rana take haɗa abincinta, ɗakunanmu kuwa ƙaramar taga gare su, wasu ma babu. Alamar yunwar haske ba ta ɓuya: karan zai yi tsawo ya sirance, ganye ya koma fari-fari, shukar ta karkata wajen ƙofa. Tumatir da barkono suna buƙatar rana kamar awa 6 a yini kafin su ba da 'ya'ya. Na'ana'a ce mai haƙuri, tana iya zama bakin taga, muddin ana juya gwangwanin duk bayan kwana biyu ko uku. Wadda kuma ta riga ta daɗe a ciki, kada a fitar da ita tsakar rana kai tsaye, za ta babbake. A fara da ranar safe, ana ƙara mata lokaci har mako guda.

Muna jin wasu na cewa shuka tana shanye iskar ɗaki da dare. Abin da take sha kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya cutar da kowa ba. Wanda ya kamata mu ji tsoro a wannan lokaci shi ne kaskon gawayi da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Yana fitar da iskar guba marar wari, tana kuma kashe mutum yana barci. A fitar da kasko kafin a kwanta.

Batun ban ruwa ne ya fi ruɗa mutane. Mutum zai ga ganye ya yi laushi, sai ya yi ta kwarara ruwa safe da yamma. Saiwa ma tana numfashi. Idan ƙasa ta jiƙe kullum, saiwar sai ta ruɓe, ganyen ya yi yaushi daidai da na wadda ƙishirwa ta kama, mai ita kuma ya ƙara ruwa. Kafin mu zuba, mu cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In da laima, a bari sai gobe. In ta bushe, a zuba a gindi a hankali da safe, har ya fara ɗiga ta ƙasa. Bokitin da ba a huda gindinsa ba, a ɗauki ƙusa mai zafi a yi masa ƙofa huɗu ko biyar yau ɗin nan.

Kowa ya san layin famfo, ba za mu ce a ɗebo ruwan sha a ba barkono ba. Ruwan wankin shinkafa da na ganye da na alwala duk sun isa, a tara su a roba. Wanda ke da garin sabulun wanki ko gishiri ko maiƙo kada a zuba, domin gishirin yana taruwa a ɗan ƙasar bokiti ba shi da mafita. Kuma kada a bar ruwa kwance a farantin da aka aza bokiti a kai. Sauro yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda zuwa kwana 10, ga shi a bakin ƙofar da yara ke kwana. A riƙa ɗaga bokitan da sanda kafin a sa hannu, kunama tana son ƙarƙashinsu. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko man fetur a ciki ba ta shukar abin ci ba ce, ko an wanke ta.

Ƙura kuma tana toshe ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, tana kare masa haske. Sau ɗaya a mako a yayyafa ruwa a ɗauraye shi, sama da ƙasa. A nan ne za mu duba bayan ganyen, inda farin ƙuda da wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo ke ɓuya, su ma lokacin bushewa ne nasu. In an gan su, a daka tafi guda na busassun 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a narka ɗan gutsuren sabulun sanda a ciki, a fesa da yamma. A maimaita bayan mako. Sabon kashin kaji ko na awaki kuwa yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi ake sawa, shi ma tafi ɗaya ya ishi bokiti.

Zogale yakan zubar da ganye da rani, kada a yi saurin tumɓuke shi. A kankare ɓawon da farce, in cikinsa kore ne yana da rai. A rage masa ruwa, a kare shi daga awaki da ƙaya ko tsohon gidan sauro. Daga tsakiyar Fabrairu mu fara neman inuwa, domin a Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, baƙin bokiti kuma ya ɗauki zafin da zai dafa saiwa. A naɗe shi da buhu, ko a haƙa rami a binne shi zuwa wuya inda ranar safe kawai ke samunsa.