Neman Aikin Kula da Abokan Ciniki: Wace Ƙofa Za a Ƙwanƙwasa?

Tun da aka ba kamfanonin wayar salula lasisi a shekarar 2001, amsa kiran abokan ciniki ya zama sana'a mai zaman kanta a Nijeriya. Sai dai ya kamata mai nema ya sani cewa bankuna da kamfanonin waya ba kasafai suke ɗaukar irin waɗannan ma'aikata da kansu ba. Akasari kamfanonin dillancin ma'aikata ne ke ɗauka bisa kwantiragi, su tura musu. Saboda haka wanda ya ajiye takardarsa a reshen banki ya koma gida, zai daɗe yana jira.

Kafin a miƙa wa dillali takardu, a nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wanda ya ce sai an biya kuɗin fom kafin ganawa, a guje shi. A kuma tambayi wanda zai riƙa biyan albashi, bankin ne ko dillalin, domin nan ne rigima ke tasowa ranar sallama.

Abin mamaki, matasanmu kan manta da Hausarsu. Cibiyoyin amsa kira na buƙatar masu jin Hausa da Turanci. A rubuta wannan tun a farkon takardar neman aiki.