Zuwa ga ɗan ƙanwata mai son sayar da gona ya sayi babur

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini ka aiko daga Maraɗi a nemi mai sayen gonar da ka gada nan Issawane, za ka sayi babur ka shiga kabu-kabu. Na sa maganar a fili ne don ba kai kaɗai ke da wannan shawara ba. Daga Mayahi har Tasawa, duk fadar samarin da ka tsaya, hirar ke nan a kan shayi.

Ban ce kai malalaci ne ba, ban kuma ce birni bai da arziki ba. Amma ka dubi abin da ya sami Maraɗi. Gari ne da ke ci daga iyaka. Najeriya ta rufe ta a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A watan Mayu 2023 aka cire tallafin mai a can, ƴan ruwa-ruwa da ke jera kwalabe bakin hanya suka ji a jikinsu. Wata biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har cikin 2024. Duk sanda aka yi haka, ɗan dako da yaron mota da yaron shago su ake fara sallama, kuma yawancinsu babur suke komawa nema. Ga masu fitowa daga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da takardunsu, wasu na jiran koyarwar kwantaragi, wasu su ma sun hau babur. Ka tsaya bakin tasha da hantsi ka gani: fasinja ɗaya ya sauko da buhu, babura sun yi masa caa, kowa na rage kuɗi. A cikin wannan turmutsutsu za ka zuba gadon ubanka?

Mu ma mun je cin rani. Ana gama girbi mu ɗaure ƴan tsummokaranmu mu nufi Kano, mu yi ga-ruwa, mu yi dako, hadari na fara haɗuwa mu juyo. Ba wanda ya taɓa tunanin sayar da ƙasa. A yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya sayar da awaki, ya sayar da rediyonsa, har kwanonin ɗakin mahaifiyarka. Wani ɗan kasuwa ya zo da buhunan hatsi a amalanke ya taya gonar nan, mahaifinka ya ce masa albarka, ya koma ya ci gaba da tafasa ganye. Itatuwan gawon nan da ka tarar a tsakiyarta ba tsirowa kawai suka yi ba. Shi ya bi kututture ɗaya-ɗaya da ƴar wuƙa yana sassabe, yana barin reshe biyu ko uku, lokacin da ake fara maganar sassabin zamani, maƙwabta na yi masa dariya wai ya bar gona da datti. Yau ƙarƙashinsu ne hatsi ya fi kai.

Ku kuwa ƴan yanzu, waya a hannu, kun ga wani ya dawo daga Jado ko Libiya da sabon agogo, shi ke nan hankali ya tashi. Waɗanda ba su dawo ba, ba mai ɗaukar hotonsu. Kuma ka sani, gonar da aka raba tsakanin ƴaƴa ta riga ta ƙanƙance. Wanda ya saki tasa a ƙasar Mayahi yau, da wuya ya sake riƙe wata, sai dai ƙwadago a ta wani.

Na so in yi maka maganar sana'ar hannu da kiwon rago na turka, takarda ta cika. Ka zo gida kafin shuka. Ka taho da lissafi a rubuce: nawa ɗan kabu-kabu ke samu a yini, nawa ke tafiya a mai da gyara da haya da abinci. In lissafin ya tsaya, akwai bijimina guda, sai mu yi magana a kansa. Gona dai na gaya wa mai gari kada ya shaida cinikinta sai na zo.

Kawunka.